Sunan Surukin Kaka

"Ni fa ban ce ka taimake ni ba, Yaya Mukhtar. Kwalina kawai za ka ba ni."

"Ke kwali kike gani, ni bincike nake gani. Wannan aikin ya fi ƙarfin 'yar aji biyu."

"Ai 'yan aji biyun aka ba."

"Kuskuren malamarku ke nan. Da ta san akwai irina a gidan nan, da kai tsaye za ta aiko mini."

"Wallahi zan gaya wa Umma."

"Gaya wa gwamna ma."

A haka na same su a tsakar gida da na dawo daga makarantar koyon jinya, ƙanwata Mufida tana tsalle, yayanmu Mukhtar ya ɗaga farin kwali sama kamar mai tallan kalanda. Na ajiye jaka na nemi kujera, don ni ba na raba faɗan da ban gama kallo ba.

Ga yadda abin yake. Mufida tana aji biyu a babbar sakandaren 'yan mata a nan Tarauni, kuma tsakaninta da darasin Tarihi sai gaisuwa daga nesa. Ta faɗi a zangon farko, ta faɗi a na biyu. Malama Safiya mai koyar da su ta gaya mata a gaban aji cewa in ta rasa makin aikin gida na wannan zangon, to ta shirya maimaita aji, ƙawayenta su wuce su bar ta da ƙannen bayanta. Aikin kuwa shi ne kowace yarinya ta zana salsalar gidansu a kwali, daga ita har kakan mahaifinta, da sunan yanka na kowa, sannan ta ɗauko muryar wani babba a waya yana tabbatarwa. Sharaɗin muryar ya samo asali ne daga bara, lokacin da rabin ajin suka wayi gari jikokin sarakuna, har da 'yar mai wankin mota. Safiyar Juma'a za a karɓa.

Sunan Abbanmu Zakariyya, mahaifinsa Bello. Nan ba gardama. Gardamar tana kan mahaifin Bello. Shi Bellon ya rasu Abba yana rarrafe, can a wani ƙauye bayan Gaya, kuma Abba ya tashi ya ji ana ce wa kakansa "Malam", shi ke nan. Duk duniya mutum ɗaya ce ta rage da ta san sunan da aka raɗa wa Malam ɗin nan, ita ce Kaka, mahaifiyar Abba, wadda ke zaune da mu a Gyaɗi-Gyaɗi. Kaka kuwa tun da aka kai ta gidan ba ta taɓa kama sunan surukinta ba. Ba ta kama na mijinta. Abba ma da yake ɗan fari "wannan na asibiti" take ce masa, saboda a ɗakin magani yake aiki. Har Zakariyya mai kayan miya na bakin layi ya rasa sunansa a bakinta, ya koma "mai tumatir". Da Mufida ta roƙi Abba ya tambaye ta, cewa ya yi gara a aike shi ya ciro haƙorin kada.

Sai Allah ya kawo Yaya Mukhtar. Tun da ya gama difloma yake jiran aikin da ya dace da matsayinsa, aikin kuma har yau bai san ana jiransa ba. Yana da tabarau marar magani da yake sawa in zai yi magana mai nauyi, yana da tari na musamman da yake buɗe jawabi da shi, wanda na iya kwaikwayonsa har Umma kan amsa mini daga kicin.

"Ehem. Matsalar gidan nan," in ji shi, "ba ku san dabarar tatsar bayani ba. Ku ba ni tsohuwar nan, kafin a kira magariba na fito muku da suna har da na unguwarzomar da ta yanke masa cibi. Sharaɗi ɗaya. Kada wanda ya gaya mata dalili. Ba a gaya wa wanda ake bincike dalilin bincike, sai ya gurɓata sakamako."

Mufida ta dube ni. Na ɗaga kafaɗa. Ta ce to.

Muka same ta a kan tabarma tana tsinke zogale. Tana ganinsa ta washe baki, don tsakaninsu akwai wasan nan na kaka da jika.

"Ga mijina marar cefane. Yau me aka kawo mini?"

"Tambayoyi, Hajiya."

"Su za a dafa?"

Ya durƙusa, ya kai waya daf da hancinta. "Ehem. Ki faɗi cikakken sunan mahaifin mijinki. Da ƙarfi, kuma a hankali."

Hannun Kaka ya tsaya cak a cikin zogale. Tana da wani abu da take yi in an zo mata da maganar da ta fi ƙarfin kunne: sai ta kama gefen mayafi da yatsa biyu, ta ja shi zuwa hanci, ta kalli sama kamar za ta kai ƙara.

"La'ilaha illallahu. Da bakin nawa?"

"To da na wa, Hajiya?"

"Bakin da ya ci tuwon gidansa?"

"Ai ya rasu, ba zai ji ba."

"Ni na rasu?"

"Hajiya, zamani ya canja. Yanzu a ƙasashen da suka ci gaba mace tana kiran surukinta da..."

Mafici ne ya ƙarasa masa zancen, a kan tabarau. Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce mana wannan ai gwaji ne kawai, dama ya san haka za ta yi, yana auna ƙarfin turjiyarta ne.

Washegari ya zo da dabara ta biyu, wadda ya ce da ita manyan jami'an tsaro suke aiki. Zai riƙa jero sunayen mutanen da, in ya zo kan na Malam, Kaka ta yi tari kawai.

"Tari dai ba magana ba ce, Hajiya. Ko liman ba zai ce kin kama suna ba."

Kaka ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta ci gaba da jan carbinta. Shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin sa hannu. Abin da bai lissafa ba shi ne maƙwabciyarmu Maman Anas, wadda katanga ce kawai tsakaninmu, ta zaɓi wannan yammacin ta soya barkonon yajin sayarwa.

"Garba."

Kaka ta yi tari.

"Alhamdu lillahi! Mufida, rubuta. Bari dai in ƙara ɗaya don tabbatarwa. Sule."

Kaka ta yi tari har biyu.

"Isiyaku."

Kaka ta yi, Mufida ta yi, Umma ta yi daga ɗaki. Kafin ya kai Ɗanjuma shi kansa hawaye yake yana kiran suna yana shaƙewa, yana yi wa Mufida alama da hannu ta ci gaba da rubutu. Da hayaƙin ya lafa, kakan Abba yana da sunan da ya cika bayan kwali ya gangaro gefe.

"Duk mutum ɗaya?" in ji Mufida.

"Mutanen da ba irinku ba ne. Suna da wadatar suna."

Maman Anas ta leƙo ta kan katanga da ludayi a hannu. "Wai Mukhtar, rabon gado ake a gidan naku, na ji ana ta kiran maza?"

"Ilimi ake, Maman Anas. Ba fanninki ba ne."

"Oho. Na ga ilimin ya sa ka majina."

Ranar Laraba da safe ya tare ni a bakin famfo, murya ƙasa-ƙasa, har da ce mini "ƙanwata ta kaina", abin da bai taɓa yi ba sai in yana son aron caja.

"Hafsa, ke da Allah ya ba ki baiwa. Muryar Kaka ai a aljihunki take. Ki ce 'sunan surukina Garba', mu ɗauka, a wuce wurin."

Gaskiya ne muryar Kaka tana aljihuna. Na taɓa korar yara daga kan bishiyar gwaibarmu da ita ina kwance a ɗaki. Na ce masa, "Yaya, zan yi maka ladan, zan yi maka mai gwanjo, zan yi maka shugabar ma'aikatan jinyarmu in ta kama mutum da dogon farce. Amma in sa sunan namiji a bakin Kaka in ce surukinta ne? In ta ji, kai za ka zauna da ita ko ni?"

"Matsoraciya. Dama girmama ki na yi. Kin san a makaranta ni nake fitowa a tsohuwa in za a yi wasan kwaikwayo?"

Ya shige bayan tankin ruwa da waya. Jim kaɗan sai muka ji wani sauti yana fitowa, siriri, mai rawa, yana hawa yana sauka. Kaka ta ɗaga labule.

"Ke Mufida, leƙa ki gaya wa Maman Anas akuyarta ta shigo. Ku bi ta a hankali, kamar naƙuda take."

Da Mufida ta saurari abin da ya ɗauka, ban da kukan akwai hon ɗin adaidaita sahu da muryarsa ta gaskiya a ƙarshe yana cewa "kai, na iya". Ta zauna a bakin baranda ta haɗa kai da gwiwa. Saura kwana biyu, kuma har ta fara lissafa 'yan aji ɗayan da za su zama sa'o'inta.

Shi kuwa ko a jikinsa. Yana tsaye yana goge tabarau sai ga mai kayan miya ya yi sallama daga waje, Kaka ta ɗaga murya ta ce a ce wa mai tumatir ya jira. Yaya Mukhtar ya daskare. Ya mai da tabarau a hankali.

"Ehem. Kun ji abin da na ji? Ba ta iya kiran mai tumatir saboda takwaran Abba ne. Ashe duk mai sunan wanda take jin nauyi, shi ma tana jin nauyinsa. To mai sunan surukinta fa? Ai ko ido ba za ta iya haɗawa da shi ba. Abin da za a yi, a tattaro dattawan unguwar nan masu sunayen da, su wuce ta gabanta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ta rufe wa fuska, sunansa shi ne amsa. Ku rubuta ranar nan, za a koyar da wannan dabarar a jami'a."

Na ce, "Yaya, Kaka fa ko mai karanta mita ne ya shigo..."

"Hafsa, ke allura aka koya miki. Ki tsaya a allura."

Na tsaya a allura.

Bayan azahar ya tafi majalisar dattawa da ke ƙofar masallacin layinmu. Ban je ba, amma mai shayin da ke gefe ya maimaita mini jawabin kalma da kalma, har da tarin. Ga abin da yayana ya faɗa wa tsofaffin Gyaɗi-Gyaɗi, yawancinsu matansu sun rasu ko sun gaji da su:

"Ehem. Iyayena, Hajiyar gidanmu ce ake so ku zo ku gaisa da ita gobe bayan la'asar, ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda muke nema a cikinku, ba mu san ko wane ne ba, ita ce ta sani a zuciyarta. Ba za ta iya faɗa da baki ba, kun san kunya irin tasu. Amma duk wanda ta gani ta rufe fuska, to shi ne."

Mai shayi ya ce sai dattawan suka dubi juna. Can Baba Lawan, tsohon direban tifa, ya gyara zama ya ce, "Yaro, da sanin Zakariyya?"

"Da yardar iyali gaba ɗaya, Baba. Mun matsu. Juma'a muke so a gama komai."

"Juma'ar nan?"

"Da safe ma."

Daga nan bai zarce gida ba, sai makarantar su Mufida, ya nemi Malama Safiya ya gayyace ta ta zo da kanta ta ga yadda ake binciken tarihi na zamani, ko za ta ƙaru.

Alhamis ana sallame la'asar, ƙamshi ya riga dattawan isowa. Na leƙa ta soro na ga abin da ban taɓa gani ba ko ranar Idi. Baba Lawan ne a gaba, cikin babbar riga mai karin guga, ya rine gemu baƙi ƙirin, zufa tana gangaro da rinin zuwa wuyan riga. Bayansa Malam Isiyaku mai gyaran rediyo, da kaza a hammata. Bayansa wani Alhaji Abdurrahman da ba a ma gayyata ba, labari ne ya same shi a Daurawa ya ɗauko shatar adaidaita, ya yi wanka da turaren da na tabbata ana jin sa a titin gidan namun daji. Bayansu layi ya miƙe har gaban shagon mai caji, kowa da ƙullin goro, wani da sabon takalmi yana ɗingishi. Matan layi sun cika katangu. Maman Anas ta fito da kujera.

Yaya Mukhtar ya tsaya a bakin ƙofa rungume da kwali, ƙirji a gaba. "Kin ga yadda jama'a suke ƙishirwar ilimi? Har da kyaututtuka."

"Yaya, kazar ta mece ce?"

"Gudummawa ce ga bincike."

An shimfiɗa wa Kaka darduma a soro, an ce mata mutanen unguwa ne za su duba ta da ciwon ƙafa. Ta ce Allah sarki, ashe ana tunawa da ita. Mufida ta tsaya a gefe da waya tana ɗauka.

Baba Lawan ya yi sallama da wata murya da ban san shi da ita ba, mai laushi kamar an jiƙa ta. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya. Ya tura goro gaba.

"Hajiya, barka da yamma. Ya ƙarfin jiki? Ya kaɗaici?"

Kaka ta ga baƙon namiji da gemu yana zuba, ta kama mayafi da yatsa biyu ta ja har goshi.

"Lawan!" Yaya Mukhtar ya daka tsalle. "An samu! Shi ne! Baba Lawan, kai ne!"

Baba Lawan ya miƙe ba tare da ya dafa ƙasa ba, ya fita yana "Alhamdu lillahi, Allah ya yi", ya fara raba dabino a layi yana ba sauran haƙuri, yana cewa kowa da rabonsa.

Da Yaya ya tsaya a nan, da wataƙila da mutum ɗaya za mu yi shari'a. Sai ya ce ƙa'idar bincike ita ce a gwada na biyu don a tabbatar ba za ta rufe masa ba. Malam Isiyaku ya shigo da kazarsa. Kaka ta rufe. Alhaji Abdurrahman ya shigo, turare ya cika soron, Kaka ta rufe har da toshe hanci. Na huɗu ma haka. Yaya ya fara sosa ƙeya da biro.

"Akwai 'yar tangarɗa a sakamakon," ya ce da ni a hankali.

Tangarɗar tana waje tana ɗaga murya.

"Ni ta fara rufe wa, kowa shaida ne!"

"Kai rabin fuska ta rufe maka. Ni har ido."

"Ni da ta gan ni sai da ta kasa numfashi!"

"Turarenka ne, Alhaji, mu ma nan da ƙyar muke yi."

"Kai da me za ka riƙe ta, da matattun rediyo?"

"Gara ni, gemuna nawa ne, ba na kanti ba!"

Maman Anas daga kan kujera ta ce, "Ku bi layi dai, iyayena, tsohuwar ɗaya ce."

Aka fara ture-ture. Kazar Malam Isiyaku ta samu hanya ta tashi, ta sauka a kan hular Alhaji, ta wuce cikin gidanmu. Baba Lawan ya ga abin zai ƙwace masa, ya kutso soro ya sake durƙusawa, wannan karon ba laushi.

"Hajiya, a yi ta ta ƙare, ni ba yaro ba ne. Wa zan gani a kan maganar? Zakariyya ne waliyyin ko akwai wani a ƙauye?"

Mayafin ya sauko a hankali. "Wace magana?"

"Maganar auren mana. Yaron nan ya ce gobe da safe kuke so."

Kaka ta dubi Baba Lawan. Ta dubi goron da aka tara a gabanta. Ta dubi layin da ke waje. Sannan ta juyo ta dubi Yaya Mukhtar, wanda ya fara ja da baya yana murmushin da ba na kowa ba.

"Hajiya, rashin fahimta ne tsakanin mai bincike da..."

Ƙafar da aka zo dubawa ita ta fara taka ƙasa. Matar da sai mun kama ta take miƙewa ta tashi tsaye ita kaɗai, ta zari sandarta.

"Ni za ka yi wa talla? Ni? A ƙofar gidan ɗana? Marar cefane, yau za ka ci na jaki!"

Ya kare da kwali. Sanda ta farko ta raba shi biyu, Zakariyya ɗan Bello a hannun dama, sauran zuri'a a hagu. Mufida ta ƙwalla ƙara. Ya yi waje, Kaka ta bi shi, dattawa suka dare kamar an jefa dutse cikin tattabaru, masu sabon takalmi suka cire suka riƙe a hannu. Ya zagaya teburin mai shayi, ta tare shi ta ɗaya gefen. Yara suna ihu, mata suna guɗa, Baba Lawan yana bin bayanta yana cewa, "Hajiya, a bar shi, yaro ne, ni na yafe masa."

A daidai nan adaidaita ta tsaya, Malama Safiya ta sauko da jakarta, ta gyara hijabi, ta tsaya tana kallo. Bayanta kaɗan babur ɗin Abba ya shigo layin, ya dawo daga aiki.

Abba ya kashe babur. Bai sauka ba. "Mukhtar. Me nake gani a ƙofar gidana?"

Daga bayan buhun gawayin mai shayi aka ce, "Filin bincike ne, Abba."

Baba Lawan ya matso yana goge baƙin da ya gangaro masa. "Zakariyya, ni dai na riga kowa, ka tambayi yaronka. Kuma zan riƙe ka kamar ɗan cikina."

Na sha ganin fuskar Abba in an ɓata masa rai, amma wannan sabuwa ce, har yanzu ina koyon ta a madubi.

Malama Safiya ta dubi Mufida, wadda ke tsaye da rabin kwali a kowane hannu. Muryarta irin ta malaman da ba sa ɗaga murya ce, kowace kalma da gugarta.

"Mufida Zakariyya. Wannan shi ne aikin da zan karɓa gobe?"

Mufida ta buɗe baki, kuka ya riga magana. Cikin shessheƙa ta zayyana komai a gaban layi: sunan da aka rasa, muryar da ake bukata, ajin da za ta maimaita, har da sunan wata 'yar aji ɗaya mai tsiwa da za ta zauna kusa da ita.

Kaka ta sauke sanda. Tana haki ta ce, "Tsaya. Wai duk wannan abin, yarinyar nan za a bari a baya?"

"Haka dokar take, Hajiya," in ji Malama.

"Shi ne ba wanda ya buɗe baki ya gaya mini?"

Duk muka juya muka kalli buhun gawayi.

Kaka ta yi tsaki mai tsawo. "Ke, share hawayenki. Kawo abin maganar nan."

Mufida ta miƙa wayar. Kaka ta juya wa mazan baya, ta fuskanci bangon gidanmu, ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, sannan ta yi magana a hankali, yadda ake yi a gaban manya.

"Ni ce mahaifiyar wannan na asibiti. Mahaifin mai gidana, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, malami ne, manomi ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sunansa kuwa, takwaran bawan Allahn nan ne da kifi ya haɗiye, ya kuma dawo da shi da ransa. Na gama. Kada a ƙara tambayata."

"Yunusa!" in ji layin gaba ɗaya, har da matan kan katanga.

Abba ya sauko daga babur a hankali. Na ga leɓensa yana motsi, yana gwada sunan kakansa karo na farko a rayuwarsa.

Can ƙarshen layi wani ɗan tsoho mai faci, wanda bai ma samu shiga ba, ya ɗaga hannu yana gyara hula. "To ai ni ne Yunusa."

"Kai kuma Allah ya ba ka haƙuri, Malam," in ji Kaka ta cikin mayafi, ta shige gida da sauri ba ta waiwaya ba.

Malama Safiya ta karɓi wayar, ta saurara, ta mayar. Gefen bakinta yana so ya motsa, ta hana shi. "Muryar ta yi. Ki sayi sabon kwali, ki rubuta da hannunki, ki kawo mini kafin a shiga aji. Da hannunki, Mufida. Kada wani mai bincike ya taɓa shi."

Mufida ta gyaɗa kai tana dariya tana jan majina. Dattawa suka fara tsintar goronsu. Malam Isiyaku yana tambaya ko wani ya ga kaza. Abba ya taka har gaban teburin mai shayi, ya tsaya, ya harɗe hannu, jama'ar da suka fara watsewa suka dawo.

"Fito."

Yaya Mukhtar ya fito, gawayi a goshi, tabarau ido ɗaya ya fita.

"Ka tara wa mahaifiyata zawarawa. Ka yaga aikin ƙanwarka. Ka sa ba zan iya shiga masallacin layin nan ba sai na sunkuyar da kai. Yanzu me za ka ce wa mutanen nan?"

Ya gyara abin da ya rage na tabarau. Ya dubi Malama, ya dubi dattawa, ya dubi Abba.

"Ehem. Alhamdu lillahi, kashi na farko ya kammala. Saura a gano kifin."